Amsa kan turawan nan masu gudu da katakai a kafaɗa a Italiya

Ɗan'uwa ka turo tambaya kan bidiyon da ka gani a Facebook, wasu turawa sanye da riguna rawaya da shuɗi da baƙi suna sheƙa gudu a lungu da wasu dogayen katakai a kafaɗa, a ƙolin kowanne akwai ɗan mutum-mutumi, jama'a na ta ihu kamar gari zai tsage. Ka ce in faɗa maka wane gari ne, tsere ne ko ibada, in kuma ibada ce ashe ba bautar gunki ba kenan.

Toh wurin nan na san shi sosai. Garin sunansa Gubbio, yana yankin Umbriya a tsakiyar Italiya, kamar kilomita 40 daga Perugia inda na zauna shekaru ina karatu, kuma bukukuwan waliyyai na ƙananan garuruwa su ne abin da na fi ba wa ƙarfi a karatun nawa, wannan kuwa sau huɗu ina tsayawa a cikinsa da ƙafata. Gari ne na dutse manne a jikin tsauni, mutanensa kamar dubu 30, ko tashar jirgin ƙasa babu a cikinsa sai dai ka hau bas. Bikin ana yinsa duk 15 ga Mayu, suna ce masa bikin Ceri, kuma ka karanta shi yadda kake karanta Hausa, c ɗinmu ce sak. Cero guda ɗaya, ceri jam'i, ma'anarsa babban kyandir. Riƙe wannan kalmar don ita ce mabuɗin komai.

Bari in fara da mutumin da ake yi domin shi, don in ba ka san shi ba duk abin zai zame maka hauka kawai. Ubaldo Baldassini ɗan garin ne, an naɗa shi bishop ɗin Gubbio a 1129, ya rasu 16 ga Mayu 1160. A 1155 sarkin Jamus Frederick Barbarossa yana cikin Italiya da runduna, ya ƙone garin Spoleto da ba shi da nisa da su, kowa ya san Gubbio na iya bin sahu, sai wannan dattijon mai fama da ciwo ya fita ya tarye shi ya yi masa magana, sarki ya bar garin bai taɓa shi ba. Amma labarin da mutanen garin suka fi so ba na sarki ba ne, na wani magini ne. Ana gyaran ganuwar gari, magina suka shigo cikin gonar inabin bishop suna ɓata masa, ya je ya yi magana cikin lalama, sai shugaban aikin ya hankaɗa shi ya faɗa cikin kwaɓaɓɓiyar farar ƙasa. Ya tashi ya kakkaɓe ya koma gida bai ce uffan ba. Gari ya ɗauka, aka kama magini za a kore shi a ƙwace dukiyarsa, Ubaldo ya ce shi aka yi wa laifi don haka a bar masa hukunci, aka kawo mutumin yana rawar jiki, hukuncin da ya yanke masa shi ne ya zo ya sumbace shi, magana ta mutu. Haka marubutan tarihin rayuwarsa suka kawo. Shi ya sa har yau magina ne masu bikin, ƙungiyarsu ce ke fitar da kyaftin biyu da ke jagorantar ranar, ta hanyar ƙuri'a, kuma dole su zama magina. Paparoma Celestine na uku ya ayyana shi waliyyi a 1192, a 1194 aka haura da gawarsa kan tsaunin Ingino da ke saman garin, tana nan har yanzu cikin akwatin gilashi a saman bagadin cocin da ke can.

Yanzu ka ga 15 ga Mayu jajibere ne. A da can, daren jajiberin rasuwarsa, masu sana'o'in garin sukan haura tsaunin da kyautar kakin zuma, manyan kyandira, don a kunna a wurin da yake kwance. Kowace sana'a na son tata kyautar ta fi, kyandir ya yi ta girma har ya zama sai an ɗauka a kafaɗa, daga baya aka maye shi da katako aka bar masa sunan. Akwai masana da ke cewa tushen abin ya girmi kiristanci, wai bikin bazara ne na mutanen da, kuma gaskiya a garin an tono wasu allunan tagulla na tsohon addinin yankin da ake ajiye da su a fadar garin. Ni dai abin da takardun garin suka riƙe, wato kyautar kyandir ga Ubaldo, shi na fi tsayawa a kai, kuma ko wane ɗan Gubbio ka tara shi zai ce maka.

Su katakan guda uku ne. Siffarsu kamar kalangu, faɗi sama faɗi ƙasa da ƙugu a tsakiya, tsayi mita 4 da wani abu, in an haɗa da mutum-mutumin da gadon ɗauka ya kusa 5, nauyi kuwa kowanne na neman kilo 300. Ana kafa shi a tsaye kan wani gado mai dogayen sanduna biyu kamar makara. Na farko na Ubaldo ne, na magina, masu rawaya. Na biyu na Waliyyi Jorjo mai doki, na ƴan kasuwa da masu sana'ar hannu, masu shuɗi. Na uku na Waliyyi Antoniyo na hamadar Masar, na manoma, aka haɗa musu da ɗalibai, masu baƙi. Kowa farin wando, jar ɗamara, jan ƙyalle a wuya. Yanzu sana'ar ta zama suna kawai, likita na iya zama na Antoniyo, direba na Ubaldo, galibi abin da ubanka ya ɗauka shi za ka ɗauka, na ga jariri a keken turawa da ƴar rigarsa shuɗiya tun bai san sunansa ba.

Ka tambaya ko tsere ne. Gudu dai ana yi, gudun fitar rai ma, amma ba a wuce juna. Ubaldo ne gaba, Jorjo na bin sa, Antoniyo a baya, haka aka tashi haka za a isa, bara haka baɗi haka. Ko da na gaba ya faɗi na baya tsayawa zai yi sai an ɗaga shi. Ni ma shekarar farko sai da na tambayi wani dattijo da ke gefena wa ya ci, ya juyo ya dube ni ya ce ba a tambayar wannan a nan, tambayar ita ce ya tafi da kyau ko bai tafi da kyau ba. Abin da suke kallo shi ne cero ya tsaya kyam yana gudu, kada ya karkata, kada ya goga bango, uwa uba kada ya faɗi, sai kuma tazara, kada na baya ya zo ya manne maka, kai kuma kada na gaba ya ɓace maka. Abu mafi kusa da shi a wurinmu da zan iya kawo maka shi ne jahi a hawan sallah, mahaya su sako dawaki a guje kamar za su banke sarki sannan su ja linzami su ɗaga hannu, wanda bai sani ba zai ce sukuwa ce, alhali gaisuwa ce, gudun shi ne girmamawar. Su ma haka, kyauta ce za a kai wa uban gari, kuma ba a kai masa ita da tafiyar ganin dama.

Ranar tun asuba take farawa, ƴan ganga su zaga su tashi kyaftin-kyaftin da shugabannin ɗauka, daga nan abin da ya fara taɓa ni, ba wurin biki suke nufa ba, maƙabarta suke fara zuwa su ajiye furanni ga masu ɗaukan da suka riga mu gidan gaskiya. Sai Misa, wato babbar ibadar Katolika, a ɗan ƙaramin cocin magina inda mutum-mutumin waliyyan uku ke zama duk shekara. Sai jerin gwano zuwa babban dandalin gari, Piazza Grande, gaban fadar da aka gina a ƙarni na 14.

Nan ne wurin da nake so ka gani da idona. Wajen ƙarfe sha ɗaya da rabi dandalin ya cika har ba ka iya ɗaga hannu ka share gumi, ƙirjin wani a bayanka bayan wani a ƙirjinka, in taron ya motsa kai ma ka motsa ko ƙafarka ba ta taɓa ƙasa ba. A saman hasumiyar fadar akwai wata ƙararrawa mai nauyin kusan tan 2, ba da igiya ake kaɗa ta daga ƙasa ba, mutane ne ke hawa can sama su riƙe igiyoyi su dinga tura ta da ƙafa har ta miƙe baki sama, kana hangensu da jajayen riguna babu wani abin kirki tsakaninsu da faɗowa, kuma ƙararta a ciki kake jin ta ba a kunne ba. Sai ƙofar fada ta buɗe a fito da katakan a kwance a kan hannuwa suna gangarowa matakala a guje. A sa kowanne a gadonsa, a buga wani ƙarfe da guduma ya riƙe shi, a ɗaura waliyyi a ƙoli. Shugaban ɗauka na kowane cero, suna ce masa capodieci, ya hau kan sandunan gadon, a miƙo masa tulu mai zane cike da ruwa, ya tsiyaya ruwan a mahaɗar don katakon ya kumbura ya kama gam, sannan ya ɗaga tulun sama ya yi lilo da shi ya wurga cikin jama'a. Kafin tulun ya gama fashewa mutane sun zube ƙasa suna wawar tsingaro, na ga wata tsohuwa da ba za ta gaza shekara saba'in ba ta fito daga ƙarƙashin ƙafafu da ɗan guntu a hannu, yatsanta na jini, tana sumbatarsa tana hawaye. A daidai wannan lokacin shugaban ya yi gaba da nauyin jikinsa, gadon ya kwanta, katakon ya miƙe tsaye cak, uku a tare, su fara zagaya sandar tuta da ke tsakiyar dandali cikin mutanen da sakan biyu da suka wuce ka rantse allura ba za ta shiga tsakaninsu ba. Har yau in na tuna tsigar jikina tashi take.

Daga nan kowane cero ya kama hanyarsa cikin unguwanni a hankali, kuma wannan sashen ba ka cika ganinsa a bidiyo ba alhali ni a wurina shi ne zuciyar ranar. Gida-gida suke bi, gidan tsohon mai ɗauka da ƙafa ta daina, gidan wanda ya rasu a cikin shekarar, su tsaya su zagaya sau uku ko su sunkuyar da katakon har waliyyin ya kai taga a bene, mai gida ko gwauruwar da aka bari ta miƙo hannu ta shafa. Babu wanda ke ihu a lokacin. Ƙarti majiya ƙarfi na tsaye suna kuka a fili ba mai jin kunya.

Abinci kuma tunda jajibere ne bisa al'ada kifi ake ci, busasshen kifi mai gishiri da ake gasawa da garin burodi, tun daren 14 ake rabonsa. Giya ma ana sha, ba zan ɓoye maka ba, wasu har su wuce misali, kuma dattawan garin da limaman coci na yawan ƙorafi a kai, da kuma ƴan yawon buɗe ido da ke zuwa kallon hauka kawai. Su kansu mutanen garin sun karɓi sunan mahaukata da ake kiransu da shi, har akwai wani famfo a garin da in baƙo ya zaga shi sau uku aka yayyafa masa ruwa sai a ba shi takardar shaida.

Da yamma bishop ya fito daga babban coci da jerin gwano a nutse, ana waƙoƙin ibada, su hau har inda katakan ke jira a saman wata gangara. Ya sa musu albarka, ƙarfe shida na bugawa, sai ka ji kamar an ɓalle dam. Duka hanyar kilomita 4 ce da ɗan ɗori, da tsayawa a wasu wurare, kuma ba mutum ɗaya ke ɗauka tun daga farko har ƙarshe ba, ba mai iyawa. Karɓa-karɓa ake yi. Kowane rukuni suna ce masa muta, mutum takwas a ƙarƙashin sanduna, kowanne da abokinsa a gefe da ya rungumo shi yana tallafa masa, shugaba a gaba tsakanin sanduna yana riƙe hanya, wani a baya yana yi masa kamar sitiyari. Rukuni na gudun ƴan mitoci ne kawai, kamar tsawon layi ɗaya, na gaba na tsugune a gefen hanya suna jira, kuma canjin ana yinsa ne ba tare da an rage gudu ba, wannan ya zame kafaɗa wancan ya cusa tasa cikin ƙiftawar ido. In ka makara da taki ɗaya ko tsayinku bai daidaita ba, kilo 300 ya karkata, kuma duk gari ya san wurin waye. Wani abokina ɗan garin, na Antoniyo ne, ya nuna min kantar da ke kafaɗarsa ta dama, ya ce wurin da yake karɓa a kan babban titi nan babansa ya karɓa, shekara guda yana tunanin sakan goma sha biyar, kuma daren 14 ba ya iya barci. Ni na ga faɗuwa sau ɗaya, ƙarar katakon a kan dutse da shirun da ya biyo baya, sannan aka ɗaga aka ci gaba, amma yaran da abin ya faru a hannunsu suna zaune a bakin hanya sun rufe fuska har dare.

Hanyar na ratsa dandalin da ake kira na shahidai 40, sunan mutanen garin 40 da sojojin Jamus suka harbe ranar 22 ga Yuni 1944. Sai a dawo babban dandali, magajin gari ya kaɗa farin hankici daga taga, a yi zagaye uku, a nufi ƙofar ganuwa ta sama inda dole a kwantar da katakan kafin su wuce. Daga nan sai tsauni, hawa na kusan kilomita ɗaya da rabi a hanyar ƙasa mai lanƙwasa, wanda ni da ƙafata ba kaya sai na yi fiye da rabin awa ina haki, su cikin minti goma ko ƙasa da haka sun kai. A can sama ne kaɗai ake da wani abu mai kama da cin nasara, in masu rawaya sun ba da tazara sosai sukan shige harabar cocin su rufe ƙofa kafin masu shuɗi su iso, sai sun sauke waliyyinsu su buɗe. Wannan rufe ƙofar kuwa gardama ce da ba ta ƙarewa a garin, wasu na cewa al'ada ce, wasu na cewa mutumin da ya yafe wa magini ba zai rufe wa baƙinsa ƙofa ba, ni ina tare da na biyun.

Toh maganar gunki. Ni ɗan Katolika ne, zan faɗa maka abin da cocinmu ke koyarwa ba tare da na ce dole ka yarda ba. Sujada da bauta na Allah ne shi kaɗai. Waliyyi mutum ne da ya rayu ya mutu, muna girmama shi muna roƙon ya yi mana addu'a kamar yadda za ka ce wa dattijon kirki sa mu a addu'a, siffarsa kuwa tun taron shugabannin coci na biyu a garin Nikiya a shekarar 787 aka tsayar cewa girman da aka ba hoto na wucewa ne zuwa ga mai hoton, katako katako ne. Na san ƴan'uwanmu kirista na wasu ɗariku ba su karɓi wannan ba, nan gida ma muna shan wannan muhawarar da su, musulmi kuma na san matsayinku kan siffa, ban zo in murɗe shi ba. Kuma ba zan rantse maka cewa duk wanda ke wawar tsingaro ya san bambancin da na faɗa ba, akwai camfi a ciki kamar yadda yake shiga duk inda mutane suke. Amma abin da na gani da idona a Gubbio, mutane ne da ke ɗaukar Ubaldo a matsayin uba, wanda ya tsaya musu lokacin da za a ƙone su, kuma suna jin akwai bashinsa a kansu da ake biya duk shekara da kafaɗa. Har wanda rabonsa da coci tun bikin aurensa, ranar nan za ka gan shi a gaban akwatin gilashin ya yi shiru.

Kuma don ka san yadda abin ya kama su, a 1917 ana tsakiyar yaƙin duniya na farko sojoji ƴan Gubbio da ke fagen daga a tsaunin Col di Lana sun sassaƙa nasu katakan suka yi gudun a can ranar 15 ga Mayu. Waɗanda talauci ya kora Amurka aikin haƙar kwal a farkon ƙarni na 20 sun kafa nasu a garin Jessup na jihar Pennsylvania, ana yi har yanzu a ƙarshen Mayu. Tun 1973 katakan nan uku su ne tambarin yankin Umbriya gaba ɗaya. Da korona ta hana gudun a 2020 da 2021 abokin nan nawa ya kira ni a waya, ƙararrawa na kaɗawa a bayansa, ya kasa haɗa magana.

Baƙo ba ya shiga ƙarƙashin sanda haka kawai, babban cero kuma maza ne ke ɗauka, mata su ne da ɗinki da girki da kirari daga taga, duk da akwai masu ganin lokaci ya yi da za a sake duba wannan. Hanyar shiga tun yarinta ce, akwai matsakaitan katakai na samari da ake gudu da su wata Lahadi bayan babban bikin, akwai ƙanana na yara ranar 2 ga Yuni, hanya ɗaya tsauni ɗaya, iyaye na gudu a gefe suna haki suna ba da umarni. In Allah ya kai ka wata rana, ka sa takalmi mai igiya, kada ka tsaya tsakiyar titi da waya a hannu, in ka ji ihu ya taso ka manna bayanka da bango, don ba za su tsaya ba ko sun so.

Kuma kada ka gudu neman bas da an kai sama. Katakan a cocin tsaunin ake barinsu sai Lahadin farko ta Mayun baɗi da za a sauko da su a kwance yara na zaune a kai, amma waliyyan uku a daren ake dawo da su gari. Duhu ya yi, mutanen nan da suka wuni suna ihu muryoyi sun dishe, rigunan sun jiƙe sun haɗu rawaya da shuɗi da baƙi ba a ware ba, suna saukowa a hankali da fitilu suna rera waƙar Ubaldo har cocin magina. Washegari 16 ga wata, ainihin ranar waliyyin, sai Misa a babban coci, za ka gane masu ɗaukan jiya da yadda suke zama a benci kafaɗa ɗaya a sauke.